Ƙafar Auta da Abin da Ya Biyo Baya

Lahadi, 15 ga Disamba, 2024

Jiya da daddare Auta ta ji ciwo a wurin dina. Ba wata gagarumar faɗuwa ba ce. Tsallen nan ne na ƙarshen kiɗa na biyu, wanda ta yi ya fi sau dubu tun shigarta koroso. Ta dira a inda aka zubar da lemo a kan tayil, tafin ƙafar dama ya juya ciki, gefen waje ya kwanta a ƙasa. Ina bayanta, kuma da kunne na fara ganewa, don kacau-kacau ɗin ƙafarta ya daina tafiya daidai da namu. Amma ta ƙarasa rawar tsaf har da murmushi, saboda daidai lokacin ne dangin ango suka taso liƙi. Sai a mota da ta kwance ɗaurin ƙafar muka ga idon sawun ya yi suntum.

Yau da safe na je gidansu, na tarar Ummanta har ta aika a kira mai ɗori. Ba na raina masu ɗori, ni kaina an taɓa ɗora mini hannu ina yaro. Amma na taɓa ganin ƙafar da aka ɗaure tamau da karare har jini ya daina kaiwa yatsu, kuma na san yadda ake murzar sabon targaɗe ana ja, mai ciwo yana ihu ana ba shi haƙuri. Na ce, "Umma, ki ba ni kwana ɗaya. In na kasa, ni da kaina zan ɗauko shi." Ta dube ni ta ce, "Kai ka kai ta, ai sai ka san yadda za ka yi."

Na kira wata likitar fisiyo, wato ta gashin ƙashi, da muka taɓa yi wa rawa a bikin ƙanwarta. Ta waya ta sa ni aiki. Auta za ta iya taku huɗu a kan ƙafar, ko da ɗingishi? Ta iya, da ƙyar. In danna bayan ƙashin idon sawu, na waje da na ciki, daga tsininsa zuwa sama kamar santimita 6. Babu zafi a ƙashin. In danna wani ɗan tudun ƙashi a tsakiyar gefen ƙafa, a layin ƙaramin yatsa. Nan Auta ta saki ƙara. Likita ta ce to, wannan sai an yi hoto. Kafin nan a ɗora ƙafar a kan matashi ta fi ƙirji tudu, a naɗa bandeji amma ba tamau ba, kada a shafa man zafi, kada a gasa da ruwan zafi. Na sayo fiya wata mai ƙanƙara, muna naɗewa a tsumma muna ɗorawa minti goma sha biyar.

Talata, 17 ga Disamba

An yi hoto, babu karaya. Alhamdu lillahi.

Ashe tambayoyin da ta yi mini a waya ba kame-kame ba ne. Ƙa'ida ce da likitocin birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka fitar a 1992, don a ware wanda yake buƙatar hoto da wanda zai ɓata kuɗinsa ne kawai. Ƙashin nan na layin ƙaramin yatsa kuwa, saboda yawan karyewarsa a ƙafar masu rawar Turawa da ake kira bale har akwai karayar da ake kira karayar 'yan rawa. Auta ta tsira daga wannan.

Abin da ya same ta a jijiya yake. A gefen waje na idon sawu akwai jijiyoyi uku da suka ɗaure ƙashi da ƙashi, ta gaban ce ta fi saurin yagewa in ƙafa ta juya ciki. Tata ta yage amma ba ta tsinke ba, wato mataki na biyu cikin uku. Likita ta ce sati shida zuwa takwas kafin a yi maganar rawa. Na ga Auta tana lissafi da yatsu, na san bukukuwan ƙarshen shekara take ƙirgawa.

Na ce da ita, "Likita, yaushe za a fara gashin?" Sai ta yi dariya. Ta ce sunan nan da muka ba aikinsu, gashin ƙashi, shi ne yake ja musu. Kowa ya zo sai ya kwanta yana jiran a kunna masa fitila mai zafi. "Aikin da zai warkar da ita, ita za ta yi shi. Nawa nunawa ne da aunawa." Ta ce tsohon tsarin nan na hutu da ƙanƙara da bandeji da ɗaga ƙafa, wani likitan Amurka mai suna Gabe Mirkin ne ya yi masa suna a 1978, kuma shi da kansa a 2014 ya dawo ya ce yawan ƙanƙara da kwanciya na iya jinkirta warkewa. Yanzu kwana biyu ko uku ake lallaɓa ƙafar, daga nan a fara taka ta gwargwadon abin da zafi ya bari. Ƙanƙara don rage raɗaɗi ce, ba ita take haɗa jijiya ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Na roƙi Likita ta zo ta ga inda muke atisaye, ta kuwa zo. Barandar wata makaranta ce da ake ba mu aro da yamma, daɓen siminti. Ta zauna a benci ta kalle mu har muka gama, ba ta ce uffan ba. Sannan ta ce in ɗan ba su wuri, ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya.

Mu goma sha ɗaya ne masu rawa, ban da makaɗa. Takwas suna da inda yake musu ciwo yanzu haka. Ni na mutum biyu kawai na sani. Huɗu gwiwa, biyu ƙwauri, sai maza biyu da suke ɗaga abokan rawarsu, su kuma kwankwaso. Uku suna shan diklofenak kafin mu shiga fili, ɗaya kuma tiramol yake sha. Shekara tara ina jan ƙungiyar nan, muna cin abinci a kwano ɗaya, amma sai baƙuwa ce ta zo ta gaya mini abin da yake jikinsu.

Abu uku ta lissafa: daɓen da muke dira a kai, shiga rawa da jiki a sandare, da yawan wasa babu ranar hutu. Ta ƙara da cewa wani ya gaya mata suna ɓoyewa ne saboda dokar kaso, wato wanda bai shiga fili ba ba shi da rabo. Ni na kafa dokar don maganin masu latti, kuma ta yi aiki. Ban yarda ita ce dalili ba. Jarumtar ƙuruciya ce kawai, mu ma mun yi.

Daga yau zan riƙa rubuta abin da muka yi da abin da ya faru, don Likita ta ce in babu rubutu kowa zai tuna abin da ya yi masa daɗi ne.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Kumburi ya sauka, shatin jini ya koma ruwan ɗorawa ya gangara wajen yatsu. Auta tana tafiya babu sanda. Aikinta kullum sau uku: ta rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsa, ta jawo tafin ƙafa da tawul, ta tura ƙafar waje tana jan roba. Robar asibiti ta yi mana tsada, sai muka yanka tsohon tub ɗin keke. Likita ta gwada shi ta ce ya yi.

Asabar, 11 ga Janairu

Sati biyu ke nan da fara ɗumama jiki, kuma nan ne rigimar take. A da, in Baba, makaɗinmu, ya ɗora hannu a ganga an fara ke nan, ko da mutum yanzu ya sauko daga babur cikin hunturun nan, ƙafa kamar itace. Yanzu minti ashirin muke yi kafin kiɗa: sassarfa, tafiya a kan yatsu da a kan dunduniya, durƙuso a hankali gwiwa tana bin saitin yatsa na biyu ba ta faɗa ciki ba, tsayuwa da ƙafa ɗaya, sai ƙananan tsalle ana koyon dira. A sauka a kan yatsu, dunduniya ta biyo baya ta taɓa ƙasa, gwiwa ta lanƙwasa. Likita ta ce in dira ta yi kyau ba a jin "dim". Ta sa muka kwance kacau-kacau muka yi tsalle shiru. Kunya ta kama ni, don tawa dirar ta fi ta kowa ƙara.

Miƙar nan da muke yi, mutum ya kama yatsu ya daɗe a sunkuye, ta mayar da ita ƙarshen atisaye lokacin da jiki ya yi ɗumi.

Tsarin ba ita ta ƙirƙira ba, na 'yan ƙwallo ne ta gyara mana. FIFA 11+ ake ce masa, an haɗa shi a 2006, kuma da aka gwada shi a kan 'yan mata masu ƙwallo a Norwe, binciken da ya fito a 2008 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Samarin da suka ji an ce FIFA sai suka daina gunaguni.

Baba ne bai sauko ba. Ya ce, "Shekara arba'in ina kiɗa ban taɓa ganin an yi wa rawa share fage da faretin sojoji ba." Da Likita ta gaya masa cewa tun 1990 akwai ƙungiya ta duniya ta likitoci da masana da ba su da aiki sai lafiyar 'yan rawa, ya yi dariya har da tari. Na ce, "Baba, to ka taimaka mana da kiɗa mai sanyi, mu yi faretin a kansa." Ya yi shiru, sannan ya jawo gangar. Mai sarewa ya bi shi. Yanzu ɗumama jikin yana da nasa kiɗan, kuma gaskiya ya fi daɗin yi.

Laraba, 22 ga Janairu

Maganar daɓe. Na daɗe ina tunaninta. Waɗanda suka koya mana a dandali suka yi rawarsu, a kan ƙasa, ƙasa kuwa tana karɓar nauyi. Siminti da tayil ba sa karɓar komai, duk ƙarfin da ka dira da shi sai su mayar maka ta dunduniya, ya bi ƙwauri ya hau gwiwa ya tsaya a kwankwaso. Rawar ba ta canza ba, wurin yin ta ne ya canza, daga dandali zuwa ɗakin taro mai sheƙi. Gidajen rawa na ƙasashen waje katako suke shimfiɗawa a kan abin da yake lotsawa.

Mun yi namu na talaka. Filawud shida, kafinta ya haɗa su da marata, muka jera guntayen tsohuwar taya a ƙarƙashi. Gwajin farko ya yi lilo da yawa, mai sauka yana jefa na kusa da shi. Muka ƙara guntayen taya muka matso da su kusa da juna, ya daidaita. Wani abin da ban zata ba: a kan katako ƙarar kacau-kacau ta fi fita, har Baba ya ce yanzu yana jin wanda ya yi latti da rabin taku.

Matsalarsa nauyi. Kullum sai mun ɗauko daga ɗakin mai gadi mun mayar.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ƙafar Auta ta sake kumbura.

Da farko ta ce a bakin rijiya ta gurɗe. Na yi shiru ina kallonta. Can sai ta ce jiya wata ƙungiya ta rasa mutum ɗaya a wurin kamu, suka kira ta, ta je. Raina ya ɓaci, na fara faɗa: wahalar da aka sha, kuɗin hoto, zirga-zirgar Likita. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Yaya, sati bakwai ban kai ko sisi gida ba. Sha'aban ne, kowa yana biki kafin azumi. Kuna fita kuna rabawa, ni ina jan robar keke."

Ban sami abin cewa ba. Na dawo na buɗe littafin nan na karanta abin da na rubuta ranar 21 ga Disamba, inda na ce jarumtar ƙuruciya ce. Ba jarumta ba ce. Dokata ce. Wanda ya ce yana ciwo ya rasa abincin ranar, to wa zai faɗa? Ƙwayar da suke sha kafin wasa ma ni na saya musu ita, ko da ban taɓa shiga kemis ɗin ba.

Likita ta duba ta da yamma. Ba sabuwar yagewa ba ce, fama ce, amma an koma baya da sati biyu ko uku. Ta yi bayanin abin da ya sa targaɗe yake son maimaita kansa. Jijiyar ba ɗauri kawai take yi ba, tana cikin masu kai wa ƙwaƙwalwa labarin yadda ƙafa ta taka. In ta yage labarin yakan riƙa zuwa a makare, kafin tsoka ta gyara tsayuwa ƙafa ta riga ta juya. Zafi yana tafiya tun kafin wannan ya dawo, shi ya sa mutum yake ɗauka ya warke. Maganinsa tsayuwa da ƙafa ɗaya, ido a buɗe, sannan a rufe, sannan a kan matashi, sannan ana jefo maka ƙwallo kana cafewa.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Mun zauna bayan la'asar. Na kawo shawara: duk abin da aka samu a wasa a cire kashi ɗaya cikin goma a sa a asusu. Wanda Likita ta ce kada ya yi rawa zai karɓi rabin kaso, da sharaɗin yana zuwa atisaye yana yin aikin da aka ba shi. Dokar latti tana nan.

An yi musu sosai. Ɗaya daga cikin manyan samarin ya ce ragwaye za su samu hanya, kowa ya ji kasala sai ya kama ɗingishi. Maganarsa ba banza ba ce, shi ya sa muka ce ba ni zan yanke ba, ba mai ciwon ba, Likita ce. Baba ne ya kashe maganar. Ya ce a cire har da kason makaɗa, don shi ma kafaɗarsa ta dama ta shekara biyu ba ta barinsa barci. Babu wanda ya taɓa jin haka daga bakinsa.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Kwana tara da sabuwar doka, mutum uku sun fito da ciwon da ba ya cikin lissafin Disamba. Na huɗun ni ne.

Agarata ta hagu ta fi wata biyar tana damuna. Da asuba in na sauko daga gado sai na yi taku goma kafin ta saki, kuma akwai wani ɗan kauri kamar yatsa uku sama da dunduniya. Likita ta matsa wurin, na kusa tashi tsaye. Ta ce, "Shugaba, kai ma ashe ɗan ɓoyo ne." Ta ba ni aikin da wani likitan ƙashi ɗan Suwidin, Hakan Alfredson, ya wallafa a 1998: in tsaya a bakin matakala a kan yatsu, in ɗaga da ƙafa biyu, in sauke dunduniyar mai ciwon ita kaɗai a hankali har ta wuce bakin matakalar. Goma sha biyar sau uku gwiwa a miƙe, goma sha biyar sau uku gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma. Ɗari da tamanin ke nan a rana, har sati goma sha biyu. Ɗan zafi ba laifi, in ya yi tsanani ko ya kwana ya ƙaru a rage. Yanzu na gane fuskar da Auta take yi in ta ga tub ɗin keke.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Jiya biki uku aka kira mu, na karɓi biyu. Ban taɓa mayar da aiki ba sai wannan karon, kuma har yanzu kuɗin yana yi mini yawo a rai.

Yanzu muna zuwa da wuri mu taka filin, da tsumman goge ƙasa a jakarmu. Na kuma gano takardun liƙi a kan tayil santsi gare su kamar ɓawon ayaba. Mun sa yaro ɗaya yana kwashewa tun ana zubawa, kuma na roƙi mai gabatarwa ya tsayar da masu liƙi a gefe har a gama tsalle. Wani ya ji, wani ya ce in ba ma so a bari.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi shida. Babu biki, sai muka mai da watan na ƙarfafa jiki. Bayan asham muke haɗuwa, awa ɗaya, sau uku a sati, babu tsalle mai yawa. Durƙuso, ɗaga dunduniya, ƙarfafa ciki da cinya. Masu ɗaga mutane ana koya musu su ɗauka da ƙafa, su matso da abokin rawa jikinsu, ba su sunkuya su finciko da baya ba.

Likita ta ja kunne a kan diklofenak da ire-irensa: a sha shi ciki babu abinci, jiki babu ruwa, ga zafin Maris, hanyar gyambon ciki ce da ciwon ƙoda. Mai tiramol kuma ta ce kada ya yanke lokaci ɗaya, ta haɗa shi da wani likita da zai riƙa rage masa. Ya je sau biyu. Ban tambaye shi komai a gaban mutane ba.

Asabar, 22 ga Maris

Ranar gwajin Auta. Komai da ƙafar hagu ake auna shi, ita ce ma'auni.

Gwiwa ta taɓa bango dunduniya ba ta ɗaga ba: hagu daga santimita 11, dama daga 10. Ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya: hagu 26, dama 23. Tsayuwa ido a rufe: daƙiƙa 30 duka biyun, ko da yake a daman ta yi ta rawar hannu kamar mai korar ƙuda. Tsalle gefe da gefe a kan layi, babu zafi, amma tana dira tana kallon ƙafar. Likita ta ce wannan kallon ma ciwo ne, tsoro ne, kuma shi ma da maimaici yake tafiya.

Hukunci: ta yi kiɗa na farko da na biyu a wasan Sallah, ban da tsallen ƙarshe. Za ta sa takalmin idon sawu mai igiya a ƙarƙashin kacau-kacau, kuma ta ci gaba da sa shi a duk wasa har shekara ta zagayo, don a watannin nan ne aka fi sake gurɗewa.

Laraba, 2 ga Afrilu

Jiya, uku ga Sallah, muka yi wasa a wani fili a bayan gari, a kan ƙasa, an yayyafa ruwa ƙura ta kwanta. Auta ta shiga. Da aka zo wurin tsalle ta ja gefe tana tafi kamar yadda aka tsara, ko da yake na ga ƙafarta tana motsi. Ummanta ta zo kallo, karo na farko.

Yau da safe na biya gidansu da tef ɗin tela na auna idon sawun: daidai da na shekaranjiya, babu kumburi. Na tura wa Likita, ta ce a fara ƙaramin tsalle a kan katako ranar Asabar, guda goma, a ƙirga.

Abin da ya rage. Agarata tana sati na bakwai, taurin asuba ya ragu zuwa taku uku ko huɗu, amma na tsallake kwana biyar a goman ƙarshe na azumi. Gwiwar ɗaya daga cikin 'yan matan ba ta ji atisaye ba, tana kullewa in ta durƙusa, Likita ta ce sai likitan ƙashi ya gani, kuma abin da yake asusu ba zai kai ba. Baba ya yarda a duba kafaɗarsa amma ya ce sai bayan Babbar Sallah. Filawud ɗaya ya fara bajewa a gefe. Mai gadi kuma ya ce rufin ɗakinsa yana yoyo, mu nemi inda za mu ajiye katakon kafin ruwan farko.